Abin da Itatuwan Arewa Ke Ajiyewa a Jikinsu da Ƙarƙashin Ƙasa

A ƴan shekarun nan wata kalma ta shiga bakin ma'aikatan raya karkara, ita ce karbon. Ana jin ta a rediyo, ana jin ta a tarukan magajin gari daga Dankasari har Tibiri, kuma wasu baƙi sukan zo da ita suna cewa itatuwan gona za su iya jawo kuɗi daga ƙasashen waje. Iyaye mata da yawa sun tambayi rele na garuruwansu ma'anarta, rele kuma suka kawo mana tambayar. Mun ga ya dace mu ba da wannan takarda gaba ɗaya ga amsar, domin itacen da ake magana a kansa shi ne wanda kuke tsinkar ganyensa ku yi miya, shi ne akuya ke cin ƴaƴansa ta ba da nono, kuma shi ne ke ƙarƙashin tukunya. Duk shawarar da za a yanke a kan itatuwan gari, ƙarshenta a kwanon yaro take sauka.

Mene ne karbon

Kowace mace ta san gawayi. Idan aka ƙona itace a inda iska ba ta shiga sosai, ruwan jikinsa ya fita, abin da ya rage baƙi mara nauyi shi ne gawayi, kuma mafi yawansa karbon ne. Ashe karbon ba baƙo ba ne, sunan ne kawai sabo. Kusan rabin nauyin busasshen itace karbon ne. Yana cikin karan hatsi, yana cikin ƙwayar hatsin, yana cikin kashin awaki, yana cikin jikinmu.

Abin mamaki shi ne inda itace ke samo shi. Mutane da yawa na zaton jikin itace daga ƙasa yake fitowa. Ƙasa tana ba shi ruwa da ƴan sinadarai, amma karbon daga iska yake ɗauko shi. A cikin iskar da muke shaƙa akwai wani ɗan kaso da ake kira iskar karbon, ba ta da launi ba ta da wari. Ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan yake zuƙo ta, ya haɗa da ruwan da saiwa ta kawo, hasken rana ya zama wutar girkin, sai a sami abinci mai zaƙi wanda itacen ke gina gangar jikinsa da shi, da rassa da saiwoyi da ƴaƴa. Saboda haka babban gawon da ke tsakiyar gona iska ce da aka tara shekara da shekaru har ta zama abin da gatari ke sara.

Idan aka ƙona itacen, ko ya ruɓe, ko gara ta cinye shi, karbon ɗin ya koma iska. Ga ɗan lissafi don rele. Damin busasshen itace mai kilo 20 yana ɗauke da karbon kusan kilo 10. Idan ya ƙone, wannan karbon yakan haɗu da iskar oksijin, nauyin ya ƙaru, domin kowane kilo ɗaya na karbon yana ba da kilo 3,7 na iskar karbon. Ke nan dami guda ya saki kusan kilo 37. Ƴar tokar da ta rage a murhu ita ce ragowar sinadaran da itacen ya karɓa daga ƙasa.

Damuwar duniya da wannan iska ta samo asali ne daga halinta na riƙe zafi, kamar yadda mayafi ke riƙe ɗumin jiki. Kafin zamanin masana'antu akwai kashi 280 nata a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iska; yau ta haura 420, saboda ƙona man fetur da gas da gawayin ƙasa da kuma share dazuzzuka. Sakamakon mun san shi tun kafin a faɗa mana sunansa: bazara mai tsanani, damana mai zuwa a makare ko ta yanke hatsi na cikin ciki, ruwa mai sauka gaba ɗaya a dare guda ya kwashe gona. Sai dai a faɗi gaskiya, ba murhun matan Arewa ne ya jawo wannan ba. Iskar karbon da ɗan Nijar ke fitarwa a shekara ta hanyar mai da lantarki ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na tan ba, ta ɗan Amurka kuwa ta fi haka sau ɗari da ɗoriya. Kada wata uwa ta ji laifi don ta dafa wa ƴaƴanta tuwo. Dalilinmu na kula da itace yana nan kusa da gida.

Dajin da ya fito da kansa

Dattawan Lugu sun san abin da ake nufi da daji na asali. A watan Afrilu na 1899, lokacin da rundunar Faransawa ta Vule da Shanwan ta afka wa garin, Sarauniya da mutanenta sun ja da baya zuwa cikin dajin da ke kusa, wanda duhunsa da ƙayarsa suka hana maharan bin su yadda suke so. Wanda ya bi hanyar Lugu yau, ya ga tudun jigawa da faƙo, zai yi wuya ya yarda cewa an taɓa samun irin wannan duhuwa. Amma wuraren da al'ada ta hana a sa wa gatari suna nan suna nuna yadda ƙasar take idan an ƙyale ta.

Irin wannan daji yana ajiye karbon a wurare uku. Na farko shi ne abin da ido ke gani, gangar jiki da rassa. Na biyu saiwoyi, kuma a ƙasa irin tamu mai ƙarancin ruwa wannan rabo babba ne, domin itacen Sahel yana fara gina ƙasa kafin ya gina sama. Sabara ko kalgo da bai kai tsayin mutum ba yana iya samun saiwoyin da suka fi rassansa yawa, gawo kuma yakan tura saiwarsa ta yi nitso ƙwarai har ta tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa yake son kwarin Dallol Mawri. Na uku ita ce ƙasar kanta. Ganyen da ya zuba, ƙananan saiwoyin da suka mutu, kashin dabbobin da suka huta a inuwa, duk suna ruɓewa su zama baƙar ƙasa mai laushi. Wannan baƙin da manomi ke gani a gindin itace ya ce wurin yana da ƙarfi, karbon ne.

A kan wannan na uku ya kamata mu dakata, don shi ya fi shafar abinci. Jigawar da muke noma hatsi a cikinta tana da ƙarancin karbon ƙwarai, a yawancin gonaki bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Zafin rana da gara suna saurin cinye duk abin da ya faɗi, iskar hunturu kuma ta kwashe saura. Ƙasar da ba ta da wannan baƙi kamar rariya take: ruwa ya sauka ya wuce, takin zamani ma idan an zuba ba ya zama. Wadda ke da shi tana riƙe danshi, ta ba shuka damar jure kwanakin da ruwa ya ɗauke. Kuma ajiyar ƙasa ba ta taruwa da sauri. Ana shekaru ana tara ta, ana iya rasa ta cikin damana kaɗan idan an share itatuwa, an kwashe kara duka, an ƙona sauran. Inuwar itace tana rage zafin ƙasa, ruɓewa ta tafi a hankali, abin da ke shiga ya fi abin da ke fita.

Akwai kuma batun shekaru. Ƙaramin itace yana girma da sauri a ido, amma babban itace mai lafiya, saboda yawan ganyensa, yakan ƙara nauyi a shekara fiye da ƙanana masu yawa a haɗe. Wanda ya sare tsohon gawo ya ce zai dasa goma a madadinsa bai biya bashin ba, jikokinsa ne za su ga biyan, in dashen ya rayu.

Dashe da abin da ya koya mana

Bayan farin 1973 hukuma da ƙungiyoyi sun duƙufa ga dashe. An kafa wuraren renon iri, aka raba dogon yaro da turare, kuma ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai, ta zama ranar dashen itace a ƙasa baki ɗaya. A 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. Wasu ayyukan sun yi kyau. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, ƙungiyar CARE da ma'aikatar gandun daji sun fara dasa layukan dogon yaro a 1975 don tare iska, kuma gonakin da ke bayan layukan sun amfana. Zoben itatuwan da aka kewaye Yamai da shi tun shekarun 1960 ya ba birnin inuwa, ko da yake gine-gine sun ci wani sashe nasa.

Amma kowa ya san abin da ya sami mafi yawan dashen ƙauye. Ana dasawa a Agusta, a ɗauki hoto, kafin bazara awaki da fari da gara sun gama da shi. Dalilin a bayyane yake. Ɗan itacen da ya fito daga leda yana da saiwa kamar tsawon tafin hannu, ga shi zai fuskanci wata takwas babu ruwa. Kuma ba na kowa ba ne, babu wanda zai tashi da asuba ya ba shi ruwa ko ya kewaye shi da ƙaya. Itacen da ya mutu a shekararsa ta farko bai ajiye komai ba, ko da an rubuta shi a rahoto.

Wanda ya rayu ma akwai abin dubawa. Gandun da aka dasa da iri ɗaya, a jere, yakan tara nauyi da sauri a shekarun farko, musamman turare. Amma an dasa shi ne don a sare, a yi azara ko itacen wuta, kuma da zarar an sare an ƙona, ajiyar ta koma iska, a sake daga farko. A 2019 wasu masana a Birtaniya, ƙarƙashin jagorancin Simon Lewis, sun duba alkawuran da ƙasashe suka ɗauka na maido da dazuzzuka, suka tarar kusan rabin filin gandun iri ɗaya za a yi da shi. Lissafinsu ya nuna cewa a tsawon lokaci dajin da aka bari ya farfaɗo da kansa yana riƙe karbon kusan sau 40 fiye da irin wannan gandu. Lissafin ya fi shafar ƙasashe masu ruwa da yawa, kada a ɗauki adadin a ɗora wa gonar Matankari kai tsaye, amma dalilin ɗaya ne ko'ina: abin da ake sarewa kowace ƴan shekaru ba ya tara ajiya mai ɗorewa.

Ga mai kula da abincin yara akwai wata tambaya da ba ta cikin lissafin masana. Me ake ci a wannan gandu? Turare ba ya ba da miya, dabba ba ta cin ganyensa, yana shan ruwa da yawa, kuma shuka ba ta jin daɗi a kusa da shi. Dogon yaro yana da inuwa mai daɗi, ya dace da bakin hanya da filin makaranta da harabar gidan likita, amma ba a ciyar da yaro da shi. Dajin da ya fito da kansa kuwa kasuwa ce: aduwa da magarya da kanya da ɗanya da tsamiya da jiga da anza, kowanne da lokacinsa.

Sassaben zamani

Abin da ya sauya fuskar kudancin Nijar ba daga leda ya fito ba. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ke aiki a jihar Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sarewa kowace bazara lokacin sassabe ba ciyawa ba ne. Tohon kututturan itatuwan da aka sare tun da ne, kuma saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi toho mafi ƙarfi aka rage saura, sai duk ƙarfin tsohuwar saiwa ya koma kansa, ya yi girman da dashe ba zai yi ba. Manoma sun san wannan tun da, amma dokar da ta ce kowane itace na hukuma ne ta sa ba wanda ke son itace a gonarsa, kada ya jawo wa kansa tara. Yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka gwada, daga nan maƙwabci ya gani wurin maƙwabci.

Bayan shekara ashirin masu bincike, cikinsu har da Chris Reij da Gray Tappan da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou, suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi, suka bi gonaki da ƙafa. Sun kiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma ƙarin hatsin da ake samu a dalilin haka ya kai tan dubu 500 a shekara. Kiyasi ne, amma ko an rage shi abin ya fi duk dashen da aka yi a ƙasar. An kuma ba da labarin garuruwa kamar Ɗan Saga a yankin Agye, inda a wahalar 2005 iyalai suka sayar da itacen da suka rage daga gonakinsu suka sayi hatsi, maimakon su sayar da akuyar ƙarshe.

Doka ma ta biyo baya. Dokar gandun daji ta 2004 ta buɗe ƙofa, sannan a watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya tsara sassaben zamani, ya amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya rena a gonarsa. Wannan bai soke kariyar da ke kan wasu iri kamar gawo da kuka ba. Kafin a kayar da babban itace a nemi ma'aikacin gandun daji na yankin. Rele su gayyace shi taron gari ya yi bayani da bakinsa, domin tsoron tara har yanzu yana sa wasu share toho tun yana ƙarami.

Yin sa ba ya bukatar kuɗi. Lokacin sassabe, kafin ruwan farko, a bi gona a zaɓi kututturan da za a bari. A kowanne a bar toho uku zuwa biyar mafi miƙewa, a cire saura da lauje ko adda mai kaifi, ana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. A rage ƙananan rassa har kusan rabin tsayi, kada a aske duka. A ɗaura ƙyalle don mai kiwo da mai neman itace su san an rena shi. Kowace shekara ana iya cire toho ɗaya a yi girki da shi, a bar mafi kyau ya zama itace. A nan matan gida ke samun rabonsu na farko: itacen wuta a gonar gida, maimakon tafiyar rabin yini da goyo a baya ko a bar jariri ba nono. Uwar da ba ta yi nisa ba ita ce ke iya ba da nono zalla har wata shida.

Gawo da sauran

A cikin itatuwan gona gawo ya fita daban. Yana zubar da ganyensa da damana, lokacin da hatsi ke son rana, ya sake tohowa da rani lokacin da dabba ke neman inuwa da abinci. Ganyen da ya zuba taki ne mai kyau, domin gawo dangin wake ne, saiwarsa tana tara sinadarin da takin ure ke bayarwa. Duk manomin Arewa ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili. Ƴaƴansa kuma suna faɗowa a tsakiyar rani, akuyar da ke cin su ba ta ƙafewa, nonon nata idan an tafasa yana shiga kunun yaron da ya wuce wata shida. Ta fuskar karbon ma shi ne babban rumbu a gona, saboda girmansa da tsawon ransa. A ganinmu, garin da zai zaɓi abu ɗaya kaɗai ya yi a bana, ya kare ƙananan gawo daga garma da bakin raƙumi.

Kuka ba ta da itace mai nauyi, jikinta ruwa ne da zare, amma ganyenta yana da sinadarin gina ƙashi da na ƙarin jini, garin ƴaƴanta kuma yana da bitamin C mai yawa, wanda ke taimaka wa jiki ya karɓi sinadarin jini daga hatsi da wake. A shanya ganyen a inuwa. Rana tana ƙone bitamin A, ganye ya koɗe ya rasa amfani. Kuma a tsinki ganye, kada a datse manyan rassa, domin kukar da ake yi wa aski kowace shekara ba ta yin ƴaƴa. Aduwa tana ba da dubagara a ƙarshen rani lokacin da babu wani ɗanyen ganye, ga ƴaƴa, ga mai a cikin ƙwallo. Anza ta ceci rayuka a shekarun yunwa, amma sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita sarai, kuma ba abincin ƙaramin yaro ba ce.

Kada a fahimci cewa mun ƙi dashe. A faƙo, inda ƙasa ta daskare kuma babu kututture mai rai, dole a haƙa rabin wata ko tasa, a zuba taki, a dasa ko a shuka iri, sannan a yi gadi aƙalla shekara biyu ko uku. Kuma akwai itatuwan da ba za su fito da kansu a gida ba. Zogale itace ne mara nauyi, a lissafin masu karbon ba shi da wani matsayi, amma gindi biyar a bayan ɗaki, ana ba su ruwan wanke-wanke mara sabulu da yawa, za su ba da ganye kusan duk shekara. Cokali ɗaya na garinsa a kunun yaro da ɗan ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa ya fi amfani ga wannan gida fiye da hekta ɗaya na turare. Matan da ke lambun rani a fadamun Dogon Dutsi da Kore Mairuwa suna iya kewaye fangalinsu da shi. Ana ma iya shuka kuka a fangali kamar alayyafo, a riƙa tsinkar ganye tun tana ƴar wata kaɗan.

Idan masu kuɗin karbon suka zo

Maganar kuɗin gaskiya ce, ba tatsuniya ba. Kamfanoni da ƙasashe masu fitar da hayaƙi suna biya don a ajiye karbon a wani wuri a madadinsu. A Humbo ta ƙasar Habasha, al'umma sun farfaɗo da kusan hekta 2.700 na tsauni ta hanyar renon kututture, kuma sun karɓi kuɗi ta hannun asusun Bankin Duniya. A Nijar ma an yi aikin dasa dakwara a garuruwa da dama tun tsakiyar shekarun 2000 da wannan niyya. Abin da irin waɗannan ayyuka suka nuna shi ne ana shekaru kafin a auna a biya, kuma a ƙasa mai ruwan sama milimita 400 zuwa 600 a shekara itace ba ya girma kamar na kurmi, don haka rabon kowane gida ba ya da yawa. Hatsi da harawa da itacen wuta da miya da itacen ke bayarwa kowace shekara sun fi kuɗin daraja nesa ba kusa ba.

Saboda haka idan wani ya zo da takarda, rele su tabbata an karanta ta a bainar jama'a da Hausa, mata suna wurin, maigari da magajin gari da hukumar filaye sun sani. A tambaya: filin wa za a ɗauka, gona ce ko makiyaya ko burtali? Shekara nawa alkawarin zai yi? Wane iri za a dasa, wa ya zaɓe shi? Kuɗin hannun wa zai biyo? Tambayar da aka fi mantawa, wadda kuma ta fi damunmu, ita ce ko mata za su ci gaba da tsinkar ganye da tsintar ƴaƴa da busasshen itace a wurin. Yarjejeniyar da ta rufe daji ta hana uwa shiga ta ɗauke abinci daga bakin yara a watannin da rumbu ya yi ƙasa, daga Yuni zuwa Satumba, daidai lokacin da tamowa da zazzaɓin cizon sauro ke haɗuwa. Irin wannan ba a sa mata hannu sai an gyara.

A cikin gida ma akwai abin yi. Murhun duwatsu uku a fili yana zubar da mafi yawan zafinsa a iska. Murhun laka da aka gina daidai da tukunya, ko na ƙarfe irin Mai Sauƙi, yana rage itacen da ake ƙonawa, yana kuma rage hayaƙin da jaririn da ke goye yake shaƙa, wanda ke jawo tari da ciwon haƙarƙari. A jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a yi girki da busasshen itace.

Abu na ƙarshe ga rele: ganyen itace abinci ne na kariya, ba maganin tamowa mai tsanani ba ne. A ci gaba da auna damtsen yara daga wata 6 zuwa 59 da igiyar awo. Idan ta nuna rawaya, tsakanin milimita 115 da 125, a kai yaron gidan likita cikin makon. Idan ta nuna ja, ƙasa da 115, ko ƙafafu biyu suka kumbura har yatsa ya bar rami, ko yaro ya ƙi nono da abinci, a kai shi ranar nan, kada a tsaya jiƙa masa saiwa ko ɓawo. A taron mata na wannan wata, kowace ƙungiya ta lissafa itatuwan abincin da ke kewayen garinta, da watan da kowanne ke bayarwa, da waɗanda ake da su a da yanzu suka ɓace. Rele su kawo takardar ranar rangadi mai zuwa, don mu san irin da za a nema kafin damana.